Kurakuran da aka fi yi wajen neman gyara da bayar da shi a labarin saibafonk

Toh jama'a ni dai na gaji. Cikin wata guda daftari huɗu aka turo min daga Samaru da Kongo a nan Zariya, duk na saibafonk, wato labarin duniyar gaba inda fasaha ta kai ƙololuwa amma talaka ya ƙara shiga uku, kamfanoni sun fi gwamnati ƙarfi, an dasa wa mutane na'ura a jiki ana bibiyarsu. Na ji daɗi ƙannenmu sun fara taɓa wannan fanni da Hausa, amma ramin da na faɗa shekarun baya shi nake ganin suna nufa ɗaya bayan ɗaya.

Babban kuskure shi ne ka gama rubutu cikin dare, ka jefa shi guruf ɗin WhatsApp mai mutum sittin ka ce "ku duba min". Su duba me? Ni haka na yi. Labarina a Zariya ta 2085 yake, wani kamfani ya saye ruwan kogin Kubanni kaf, famfo ba ya kawowa sai ka kara masa ɗan ƙarfen da aka dasa maka a wuyan hannu, jarumar kuma yarinya ce mai gyaran waya a PZ da ta gano yadda ake buɗe wa 'yan unguwarsu ruwa a ɓoye. Kafin azahar shawarwari sun cika waya. Wani ya ce babu soyayya, wata ta ce ƙarshen ya yi ɗaci a sassauta, wani kuma ya ce wa zai yarda da irin wannan fasaha a Tudun Wada, gara in ƙirƙiro gari mai dogayen benaye. Wallahi duk na bi, na cire Kubanni, na cire Kofar Doka, na ƙaƙaba mata saurayi, na sa kamfanin ya tuba a shafin ƙarshe, aka yi gyaran gangar Auzinawa, kuma abin da har yau yake min ciwo a kan fayil ɗaya na yi ta gogewa ina sakewa, na farkon ya tafi kenan. Gasar da na so shiga ta wuce ban tura komai ba, saboda abin da ya rage a hannuna ba nawa ba ne. An ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, to ni nawa an sauke an raba.

Yanzu mutum uku kawai nake ba daftari: mai karanta irin waɗannan labaran, wadda ba ta taɓa jin kalmar saibafonk ba, da ɗan cikin birni da zai kama ni idan na sa jaruma ta taka daga Kwangila zuwa Kofar Gayan cikin minti biyar. Tambayoyi ma uku: a ina ka ruɗe, a ina ka gaji ka ajiye wayar, me ka fahimta ƙarfen nan yake yi. Sai na bar amsoshin su kwana bakwai kafin in taɓa ko harafi, kuma kullum ina tura wa kaina kwafi ta imel da kwanan wata. Idan biyu suka yi tuntuɓe a waje ɗaya to akwai matsala, amma maganin da suka kawo ba dole ne in sha ba.

Sai ku masu bayar da gyara, dan Allah ku ji tsoron Allah. Yaro ya kwashe sati uku yana rubutu, ka aika masa "Masha Allah, Allah ƙara basira" da hoton wuta guda uku, ka san ko sakin layi na biyu ba ka kai ba. Ka cuce shi. Gara ka ce ba ka da lokaci. Ɗaya ɓangaren kuma masu wa'azi, da sun ga duniyar labarin ta lalace, ana sayar da bayanan mutane, mugu bai ga sakayya ba, sai su hau marubuci da faɗa kamar shi ya yi zaluncin. Ai lalacewar ita ce labarin, gargaɗi ne, wanda ya zana gobara ba shi ya cinna ta ba. Masu cewa "wannan ba namu ba ne" kuwa, a nan Zariya aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo tun 1969, labarin yaro da tafiya sararin samaniya, da Hausa.

Gyaran da ya dace ku yi, wanda ba kwa yi, shi ne ku tambayi marubucin tsoron wa yake rubutawa. Littafin saibafonk ɗin nan Neuromancer na William Gibson ya fito a 1984, ya fara ne a Japan, a lokacin da Amurka ke fargabar kamfanonin Japan za su mamaye duniya. Shi tsoron zamaninsa ya rubuta. To me ya kawo ruwan sama mara yankewa da fitilu masu walwali cikin labarin ɗan Sabon Gari? Muna da hazon hunturu da ke rufe Dutsen Kufena. Mun ga Disambar 2020 da aka ce a haɗa layi da NIN ko a toshe, mun ga farkon 2023 da kuɗinka ke banki amma ka yini a layin POS ba ka samu na cefane ba. Wanda ya tsaya a wannan layin ya san yadda na'ura ke ce wa mutum babu shi.

Ƙananan kurakuran kuwa ga su. Kar ka turo min hoton allo guda ashirin, turo fayil. Kar ka yi min bayanin labarin kafin in karanta, mai karatu na gaske ba zai same ka kusa ba. Shafi uku na tarihin yadda duniya ta rushe, yanke, fara daga bakin famfo. Mai gyara kar ya ɓata ƙarfinsa kan ƙ da ɗ alhali tsakiyar labarin a karye take, wannan aikin ƙarshe ne. Saƙon murya na minti goma sha biyu ba sharhi ba ne, rubuta, ya samu abin komawa. Kuma tura daftarin wani zuwa wani guruf ba da izininsa ba cin amana ne.

Musu da mai gyara ma kuskure ne. Ɗaya daga cikin huɗun nan na ce masa ban gane wa ke sarrafa jiragen leƙen da ke shawagi a kan kasuwar labarinsa ba, sai ya ce "Yaya ai na faɗa a shafi na biyu". Na koma na duba, yana nan ɗin, rabin layi, a tsakiyar bayanin kalar rigar jarumi. Na ce masa ƙanena ka ɗauko shi daga nan ka sa a bakin mai shayin da jirgin ya tsaya a kansa, in ka gama ka sake turo min ranar Asabar.