Kana son binciken yadda ƙwayoyin jiki ke aika wa juna saƙo? Ga ta inda za ka fara daga nan Legas

Ƙannena da ke karanta bayokemistiri ko fisiyoloji, musamman 'yan Agege da Idi-Araba da kullum ake ce muku ai wanda bai samu medisin ba ya yi asara, don Allah ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai fanni guda da na daɗe a cikinsa kuma har yau bai gundure ni ba, wato yadda sel, ƙwayar halittar jiki, ke karɓar saƙo ta yi aiki da shi.

Ka ci tuwo, sukari ya hau a jini, jiki ya saki insulin. Shi insulin ɗin ba sai ya shiga cikin sel ba, a bakin ƙofa yake sallama, ya manne da wani furotin da ake kira risefta, shi kuma daga ciki ya liƙa wa wani furotin fosfet, ɗan sinadarin da ke kunna furotin ko kashe shi, wannan ya taɓa wancan, wancan ya taɓa na gaba, har a buɗe wa sukari hanya ya shige tsoka. A ciwon sukarin da ya fi kama manya ana ta sallamar ne amma ba a amsawa sosai. Kwalarar da ta ɓarke a Legas a 2024 ma matsalar saƙon ce, gubarta tana maƙale furotin G, wani makunnin saƙo a cikin sel, a kunne ya ƙi kashewa, sinadarin cAMP da ke kai saƙo a cikin sel ya yi ta hauhawa, hanji ya dinga fitar da gishiri ruwa na bin sa. Earl Sutherland da ya gano cAMP ya samu kyautar Nobel a 1971, Gilman da Rodbell suka samu a 1994 kan furotin G, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da ake sha yau ta riseftocin da ke aiki da furotin G suke bi.

To ta ina za ka shiga? Ta hannu. Wallahi na ga masu fes kilas da ba su iya riƙe fifet ba, wato ɗan bututun da ake auna ruwa da shi a ɗakin gwaji, kuma ba laifinsu ba ne, ba a ba su dama ba. Saboda haka tun kana aji biyu ko uku ka fara neman lab ɗin da za ka yi IT, wato horon sanin makamar aiki, ga NIMR, cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, a Yaba, ga kwalejin likitanci ta Unilag a Idi-Araba, ga ta LASU a Ikeja. Ko wankin kwalabe aka ba ka ka karɓa, ka zo da wuri, ka tsaya bayan mai aiki kana kallo kana rubutawa. Ka koyi haɗa ruwan sinadari daidai awo, ka koyi PCR, hanyar ninka DNA, da ELISA, gwajin auna furotin a samfur, sannan westan bulot, wanda shi ne ke nuna maka ko furotin ya samu fosfet ko bai samu ba. Kwana biyu yake ci, ka raba furotin a jel, ka mayar da su kan wata 'yar farar takarda, ka jiƙa ta da madara, ka bar ta ta kwana a sanyi da antibodi mai kama furotin ɗin da kake nema, washegari ka zo gabanka na faɗuwa ka ga ko baƙin layin furotin ɗin ya fito. Sau da yawa ba ya fitowa. Sai ka sake.

Littafin lab kuwa kada ka yi wasa da shi, kwanan wata, awo, har lokacin da aka ɗauke wuta. Akwai wani lab da na yi aiki, janareto ya mutu ranar Asabar, kafin Litinin firiza ta narke, samfur na wata huɗu ya tafi, na zauna a ƙasa na rasa abin faɗa. Tun daga ranar nake raba samfur gida biyu a firiza daban-daban, kai ma ka yi hakan.

Duk sati ka karanta takardar bincike ɗaya a PubMed, rumbun takardun binciken lafiya a intanet, akwai na kyauta da yawa, ka fara da hotunan kafin rubutun. Ka koyi R ko Python, harsunan kwamfuta na nazarin bayanai, a laftof, shi ba ya buƙatar firiza.

Bayan bautar ƙasa sai mastas da PhD, kuma ba dole sai Ingila ko Amurka ba, akwai cibiyar bincike ta WACCBIP a Jami'ar Gana da ke Legon, aikinsu ke nan kan sel da cututtukan yankinmu, ga tallafin DAAD na Jamus da na Commonwealth. Amma ka zaɓi malamin kafin sunan makaranta, ka tambayi ɗalibansa a gefe ko suna gamawa a kan lokaci. In za ka tura masa imel kada ka ce kawai kana sha'awar bincike, ka ambaci takardarsa ɗaya da ka karanta, ka faɗi gwajin da hannunka ya iya, ka yi tambaya ɗaya kan sakamakonsa, layi shida ya isa. In sati biyu ya wuce shiru, ka sake turawa.