Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen butar tace ruwan sha da yadda za a gyara su

Butar tace ruwa, wadda 'yan kasuwa ke kira jog mai filta, ta fara samun wurin zama a gidajenmu, musamman a birane, inda mutane suka gaji da sayen ruwan leda kuma ba su natsu da ruwan da ake kawo musu ba. Ƙirarta ba ta da wahalar fahimta: akwai mazubi a sama, akwai mataci a tsakiya, sannan ruwan da ya ratsa matacin ya taru a ƙasa. Abin da ke cikin matacin galibi iri biyu ne, wato gawayi na musamman da ake sarrafawa daga ɓawon kwakwa, da wasu ƙananan ƙwayoyin roba masu kama da ƙwan kifi waɗanda ke kama wasu ma'adinai. Kamfanin Brita, wanda aka kafa a Jamus a 1966, shi ne ya fi shahara da wannan ƙira, kuma sanin inda aka ƙirƙiro ta yana da amfani, domin daga nan ne kuskure mafi girma yake tasowa.

An yi wannan buta ne domin gidajen da ruwan famfonsu ya riga ya bi ta matatar gwamnati, an kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, sai dai masu gidan ba sa son warin kulorin ko farin ɓawon da ke taruwa a butar shayi. Mai saye a Kano ko Damagaram kuwa, abin da ya fi damunsa shi ne taifot da kwalara da gudawar yara, kuma da wannan niyya yake ɗauko butar daga kanti. Gawayi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyinsa sun fi bakteriya girma nesa ba kusa ba, saboda haka ruwan rijiyar da masai ya gurɓata zai fito daga butar garai-garai, ya yi daɗi a baki, amma cutar tana nan yadda take. Masu ƙera butocin ba su ɓoye wannan ba, domin a takardar da ke cikin kwali sukan rubuta cewa a yi amfani da ita da ruwan da aka tabbatar da tsabtarsa daga ƙwayoyin cuta kawai. Rubutun ne ƙanana, kuma mai shago ba zai karanta wa kowa shi ba.

Gyaran wannan kuskure hanya biyu ne. Ta farko ita ce a kashe ƙwayoyin cutar kafin ruwan ya shiga buta, ko dai ta hanyar tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka sannan a bar shi ya huce sarai, ko ta hanyar sanya maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs bisa ma'aunin da aka rubuta a jikinsu, a jira minti 30. A nan ne butar take nuna amfaninta na gaskiya, domin warin kulorin da ke sa yara da tsofaffi ƙin shan ruwan da aka sa wa magani, shi ne abin da gawayi ya fi iya cirewa. Hanya ta biyu ita ce a sayi irin butar da ke da wani shinge mai ƙofofi 'yan mitsi-mitsi ƙari a kan gawayin, kamar LifeStraw Home, wadda faɗin ƙofofinta maikuron 0.2 ne (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma hakan yana tare bakteriya da ƙwayayen tsutsar ciki. Ko ita ma ba ta tare bairos, irin wanda ke kawo ciwon hanta mai shawara ta hanyar gurɓataccen ruwa, don haka a lokacin ambaliya ko ɓarkewar annoba tafasawa ko kulorin ba su da madadi.

Kuskuren da ke bin wannan shi ne sayen buta kafin mutum ya san matsalar ruwansa. Ruwan famfo, da na rijiyar burtsatse, da na rijiyar gargajiya, da wanda 'yan garuwa ke kawowa a jarka, kowanne da irin aibinsa, kuma babu mataci guda da ke maganin su duka. Ruwan burtsatse yana iya fitowa fari tas amma yana ɗauke da abin da ido ba ya gani kuma harshe ba ya ji. Mutanen Tibiri da ke kusa da Maraɗi sun ɗanɗana wannan tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid ya lalata haƙora da ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a gano musabbabin abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya iyakar fuloraid a kan miligiram 1.5 a kowace lita, ta naitiret kuma a kan miligiram 50, kuma matacin gawayi na yau da kullum ba abin dogaro ba ne wajen rage ko ɗaya daga cikinsu. Naitiret yakan shiga rijiyoyin da ke kusa da masai ko gonakin da ake zuba wa taki da yawa, haɗarinsa ya fi tsanani ga jariran da ake dama wa madara, kuma tafasa ruwan ba ya cire shi, sai ma ƙara masa kauri yayin da ruwan ke ƙonewa. Wanda ya haƙa burtsatse a gidansa ya kamata ya kai samfurin ruwan ɗakin gwaji, na hukumar ruwa ta jiha ko na wata jami'a da ke kusa, ya nemi a duba masa ƙwayoyin cuta da fuloraid da naitiret da ƙarfe da dalma. Kuɗin gwajin sau ɗaya ake biya, kuma sakamakonsa ne zai faɗa ko buta ta isa, ko kuwa sai an nemi na'ura mai ƙarfi wadda ke matse ruwa ta cikin tantani, wadda masu sayarwa ke kira RO.

Akwai kuma waɗanda ke dogaro da ɗan sandan nan na gwaji mai kama da biro, wanda ake tsomawa a kofi ya nuna lamba. Masu talla suna son sa ƙwarai, domin lambar tana sauka a gaban mai saye, shi kuma ya ga kamar an yi masa siddabaru. Abin da sandan ke aunawa shi ne jimillar ma'adinan da suka narke a ruwa, kuma mafi yawansu ba su da illa, wasu ma jiki yana buƙatarsu. Ba ya ganin ƙwayar cuta ko ɗaya, kuma dalmar da ta isa ta cutar da yaro ba ta da yawan da za ta motsa lambarsa, domin iyakar da aka sanya mata ita ce maikurogiram 10 a lita, wato kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram. Amfaninsa shi ne nuna ko ruwa yana da zartsi, kuma wannan ma harshe yakan riga shi faɗa.

Sai batun rubutun da ke jikin kwali. Kalmomi irin su “yana cire kashi 99 cikin ɗari na datti” ba su da ma'ana idan ba a faɗi wane datti ba, kuma ba a faɗi wanda ya yi gwajin ba. Abin da ya kamata a nema shi ne shaidar wata cibiya mai zaman kanta, kuma wadda aka fi gani a kan waɗannan butoci ita ce ta NSF da ke Amurka, tare da lambar ma'aunin da aka gwada matacin a kansa. Lamba 42 tana nufin ɗanɗano da wari ne kawai, kamar cire kulorin. Lamba 53 ita ce ta abubuwan da ke shafar lafiya, kamar dalma, kuma irin matatan da ke da ita aka raba wa mutanen garin Flint na jihar Michigan bayan da dalma ta gurɓata ruwan famfonsu daga 2014. Inda mutane ke zamewa shi ne zaton cewa lamba 53 ta haɗe kome, alhali ana ba da ita ne abu-abu, ta yadda mataci zai iya samun ta saboda wani sinadari guda ba tare da an gwada shi a kan dalma ba. Dole ne a ga sunan abin da ake son cirewa a rubuce a jerin da ke tare da butar. Haka kuma akwai tazara tsakanin a ce “an ƙera shi bisa ma'aunin kaza” da a ce cibiyar ta ba shi shaida, kuma ana iya duba sunan kamfani da samfurin a shafin cibiyar na intanet kafin a biya kuɗi.

Kuskuren da ya fi cin aljihu kuwa shi ne duba farashin buta a manta da farashin mataci. Mafi yawan matatai an yi su ne don tace kimanin lita 150, ko su yi wata ɗaya zuwa biyu, duk wanda ya riga zuwa. Wannan lissafi ne na gidan mutum biyu ko uku a ƙasa mai sanyi. Gidan da ke da mutum takwas, idan kowa ya sha lita uku a rana, wanda ba shi da yawa a zafin Afrilu, lita 24 ke nan kullum, wato mataci ɗaya ba zai wuce kwana shida ko bakwai ba, kuma a wata ana buƙatar kusan biyar. Butar ita kanta lita biyu zuwa uku take ɗauka, kuma ruwan ɗiga yake yi a hankali, don haka a irin wannan gida wani zai wuni yana cika ta, musamman a azumi idan magariba ta gabato. Babban gida ya fi dacewa da matatar nan mai hawa biyu ta ƙarfe ko ta roba, mai mataci na tangaran mai siffar kyandir a ciki, wadda ke ɗaukar ruwa mai yawa, tana tare mafi yawan bakteriya, kuma ana iya goge kyandir ɗin a mayar da shi. Kafin a sayi kowace iri, a tambayi mai shago ko yana da matatan canji, sannan a duba ko akwai wani shagon da ke da su, domin gidaje da dama suna da butar da aka kawo tsaraba daga Saudiyya ko Ingila, ta yi aiki wata biyu, yanzu tana kan kabad ana zuba kunun aya a cikinta. Matatan jabu ma suna nan a kasuwa, kuma alamarsu ita ce arha da ta wuce hankali da rashin zama daram a mazauninsu, ta yadda ruwa ke silalewa ta gefe bai ratsa gawayin ba.

Na taɓa ganin abin da ruwa mai laka ke yi wa mataci a gidan wata 'yar'uwata da ke sayen ruwan garuwa. Kwana goma da sanya sabon mataci, ruwan ya koma ɗiga ɗaya-ɗaya, ta yi zaton an sayar mata da jabu. Da muka fasa shi da wuƙa, sai muka tarar saman gawayin ya toshe da wata jar laka mai santsi kamar kunun da ya kwana, ƙasan kuwa baƙi wuluk kamar ba a taɓa amfani da shi ba. Laifin ba na matacin ba ne, an ba shi aikin da ba nasa ba. Ruwa mai duhu sai an fara barin sa ya kwanta a randa ko bokiti, a taimaka masa da ɗan alam ko dakakken 'ya'yan zogale kamar yadda iyayenmu ke yi, a tsiyaye na sama ta cikin tsabtataccen ƙyalle, a sa masa kulorin ko a tafasa, sannan ya shiga buta. Kulorin ma ba ya aiki sosai a ruwa mai laka, saboda haka wannan tsari dole ne a bi shi a jere, ba a tsallake ba.

Akasin wannan shi ne barin mataci ya wuce wa'adinsa saboda ruwan yana ci gaba da sauka. Saukar ruwa ba shaida ba ce cewa gawayin yana aiki, domin idan ya ƙoshi ba ya ƙara kama kome, kuma tsohon mataci mai danshi a ɗaki mai zafi wuri ne da bakteriya ke yaɗuwa. Agogon da ke kan murfin wasu butocin kwanaki kawai yake ƙirgawa ko yawan buɗe murfi, bai san irin ruwan da aka zuba ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta ranar da aka sa mataci a jikin takarda a manna a butar, a kuma ƙiyasta sau nawa ake cika ta a rana. Sabon mataci ana wanke shi ko jiƙa shi yadda takardarsa ta ce, a zubar da cikon farko da na biyu ko a ba shuka, kuma baƙin garin da ake gani a farko ƙurar gawayi ce, ba ta da illa. Ba a zuba ruwan zafi a ciki, domin yana lalata kayan matacin.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne abin da ke faruwa da ruwan bayan an tace shi. Kulorin ɗin da matacin ya cire shi ne ke gadin ruwan daga sabon gurɓata, don haka tataccen ruwa ya fi saurin lalacewa a kan wanda ba a tace ba. Masu ƙera butocin suna cewa a ajiye ta a firji a shanye ruwan cikin kwana ɗaya, kuma inda wutar lantarki ba ta da tabbas, abin yi shi ne a tace daidai wanda za a sha a ranar, a ajiye butar a inuwa nesa da taga, a riƙa wanke jikinta da murfinta da sabulu aƙalla sau ɗaya a mako bayan an cire matacin. Masu juye tataccen ruwa a randa don ya yi sanyi su tabbatar randar tana da murfi, kuma moɗar da ake ɗiba da ita tana da dogon hannu, an rataye ta wuri guda, ba a shan ruwa da ita kai tsaye. Idan da hali, randa mai ɗan famfo a gindi ta fi, domin hannu ba ya shiga cikinta sam.