Gwajin adalci a rabon riba: yadda nake tsallake shi

Daga nan Maradi nake riƙe wa yayana lissafin kamfaninsa na Amurka. Can, in kamfani na zuba wa ma'aikata kaso daga riba a asusun ritaya, hukumar haraji IRS ba ta yarda manyan ma'aikata su kwashe kuɗin su bar ƙanana, shi ya sa ake gwajin.

Fara da zuba wa manhajar gwajin sunan kowane ma'aikaci, shekarunsa, albashinsa da ranar kama aiki. Mai hannun jari sama da kashi 5 babba ne, kuma ɗansa ko matarsa ma haka. Nan na taɓa zamewa, na manta da matar Yaya, lissafi ya kife.

Duba gwajin 410(b), wani sashe na dokar harajin Amurka: kason ƙananan da suka amfana cikin ɗari ya kai aƙalla kashi 70 na kason manyan da suka amfana. In ya faɗi, ƙara yawan ƙananan da ke samun kaso, sake dannawa. Ni kashi 5 na albashi nake ba su, hankali kwance.