Yadda Ake Cire Murfin Bawul ɗin Taya Idan Ya Cije

Mai mota ba ya gane murfin bawul ya cije sai ranar da ya tsaya wurin mai faci zai ƙara iska, a murɗa da hannu ya ƙi motsi. Yawanci wannan matsala ta murfin ƙarfe ce, irin masu ƙyalli na alminiyam da ake sayarwa don ado. Bakin bawul ɗin roba tagulla ne, kuma idan alminiyam ya daɗe manne da tagulla, ga danshi, sai alminiyam ɗin ya fara cinyewa, wani farin gari ya cika tsakaninsu ya riƙe murfin gam. A Kano ruwan da ke kwanciya a tituna da damina, da ruwan sabulun masu wankin mota, sun isa su jawo haka. Motocin da ake shigowa da su daga Amurka kuwa sukan zo da matsalar tun daga can, saboda gishirin da ake barbaɗawa a hanya lokacin dusar ƙanƙara.

Kafin a taɓa komai, a duba sandar bawul ɗin. Idan baƙar roba ce mai lanƙwasuwa, aikin da sauƙi. Idan kuwa ƙarfe ce mai launin toka da noti a gindinta, to mai yiwuwa a jikinta akwai na'urar auna iska a cikin taya, wadda aka wajabta wa sababbin ƙananan motoci a Amurka tun 2007. Irin wannan sanda ta alminiyam ce, karyewa take yi ba lanƙwasuwa ba, kuma da ta karye iskar taya za ta fice gaba ɗaya nan take. Saboda haka shawarata ita ce a yi aikin kusa da mai faci, ko a tabbatar akwai jak da safaya mai iska.

Da farko a ɗan tura motar har bawul ɗin ya dawo ƙasa, bakinsa na kallon sama, a wanke ƙura da laka, a bari ya bushe. Sai a fesa man kwance tsatsa irin WD-40 a daidai gefen da murfin ya haɗu da sanda. A ba shi kamar rabin sa'a, a ƙara fesawa, kuma wanda ba ya sauri ya bar shi ya kwana. Ana iya ɗan ƙwanƙwasa murfin da ƙotar sukundireba a hankali domin garin da ke ciki ya saki. Fetur da man birki ba su dace ba, domin na farko yana lalata roba, na biyu kuma yana cin fenti.

Daga nan sai a ɗauko filaya biyu, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke ɓarna, domin sukan kama murfin kaɗai su murɗa da ƙarfin tsiya, sandar ta bi su tana juyawa har roba ta yage daga gindi. Filaya ɗaya ta riƙe sandar a ƙarƙashin murfin, bayan an naɗa mata tsumma don kada haƙoran filaya su ji mata. Ta biyu ta kama murfin daga samansa, riƙo na tsaka-tsaki, domin idan aka matse da yawa murfin zai lotsa ya ƙara cije sandar. Ana kwancewa ta hagu, amma kada a ja gaba ɗaya: a ɗan murɗa dama kaɗan kamar za a ɗaure, a dawo hagu, a yi ta kai da kawowa. Da zarar an ji ya ɗan motsa, a dakata a ƙara mai, sannan a ci gaba. Idan aka ga robar sandar tana murɗewa, ko sandar ƙarfen tana ƙara, a tsaya.

Idan ya ƙi, a zuba masa ruwan zafi na ɗan lokaci, saboda alminiyam yana buɗewa da zafi fiye da tagulla, sannan a sake gwadawa tun yana da ɗumi. Wuta kuwa ko ta ashana ce kada a kusantar da ita, ga roba ga man da aka fesa.

Dabara ta ƙarshe ita ce a sadaukar da murfin. A sami ƙaramin zarton yankan ƙarfe ko magagari, a tsaga murfin a tsaye daga sama zuwa ƙasa, ana yi ana dubawa, har ya rage saura ƙiris a kai ga tiredin sandar, wato zanen da murfin ke ɗaurewa a kai. Sai a sa bakin sukundireba a tsagar a murɗa, murfin zai buɗe ya saki. Aiki ne na haƙuri, amma murfi kuɗinsa kaɗan ne, alhali bawul mai na'ura sai an nemo shi a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa da ke Kano, wani lokaci ma sai an saita shi da kwamfutar motar. Bawul ɗin roba kuwa idan ya tsufa ya tsattsage, bai cancanci wannan wahala ba: mai faci ya sauke taya daga rim, ya yanke tsohon, ya sa sabo.

Bayan murfin ya fita, a goge tiredin da tsohon buroshin haƙori, a share ragowar man da tsumma, sannan a shafa ruwan sabulu a bakin bawul ɗin da gindinsa. Idan kumfa tana tasowa, iska na zurarewa, sai a ɗaure ƙwayar da ke ciki ko a canza ta. Ita wannan ƙwaya ce ke riƙe iska, aikin murfi kare ta daga ƙura da ruwa, abin da ba a wasa da shi a lokacin hunturu. A auna iskar bisa adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, a sa sabon murfi na roba, a ɗaure shi da yatsu kawai. Sauran tayoyin ma a sauya musu tun kafin nasu ya cije, har da safaya.