Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gasa Burodin Ayaba da Yadda Ake Gyara Su

A gidan da na tashi, ayabar da ta yi baƙi ba ta zuwa kwandon shara. Mahaifiyata takan ware ta gefe guda, mu yara muna cewa ta lalace, ita kuwa tana cewa yanzu ne ma ta fara amfani. Ranar gashi ni ake miƙa wa kwano da cokali mai yatsu in dagargaza ayabar, kuma har yau idan ƙamshinta ya tashi daga cikin oben sai in ga kaina a wancan ɗakin girki, ina leƙen gwangwani ana ce mini in ja baya. Da na girma na fara gasawa da hannuna, sai da na yi asarar fulawa mai yawa kafin na gane cewa duk abin da take yi cikin sauƙi yana da dalili, kuma yawancin kurakuran da ake yi a wannan burodi gaggawa ce take haifar da su.

Ayabar ita ce farkon matsala. Mutane da yawa suna ɗaukar wadda ta yi ruwan ɗorawa tas, irin wadda ake sha'awar ci haka nan, su zuba a kwaɓi, sannan su yi mamakin yadda burodin ya fito salam, babu zaƙi babu ƙamshi. Ɗanyar ayaba cike take da sitaci, kuma yayin da take nuna sitacin nan yana rikiɗewa ya zama sukari, naman ya yi laushi, ƙamshin ya ƙaru. Wadda ta dace da gashi ita ce wadda ɓawonta ya cika da baƙin ɗigo ko ya yi baƙi kusan gaba ɗaya, muddin babu fumfuna kuma ba ta warin ruɓa. Idan ba ta kai haka ba, a saka ta cikin jakar takarda tare da tuffa guda a naɗe bakin, domin 'ya'yan itatuwan biyu suna fitar da wata iska mai suna etilin wadda take hanzarta nuna, jakar kuma tana tsare iskar kusa da su. Akwai masu gasa ayabar da ɓawonta a oben har ta yi baƙi don su rage jira. Wannan dabara tana sa ta laushi, amma ba ta kai ta ga zaƙin da kwanaki suke bayarwa, don haka ban cika ba da shawararta ba. Abin da ya fi shi ne a riƙa tara waɗanda suka nuna sosai a firiza, a fito da su su saki idan an tashi aiki, kuma kada a zubar da ruwan da suka tsatso, domin zaƙi da ƙamshi suna cikinsa.

Daga nan sai kuskuren da son ayabar yake jawowa, wato zuba ta fiye da kima. Kusan kashi uku cikin huɗu na ayaba ruwa ne, saboda haka idan ta yi wa fulawa yawa, tsakiyar burodin ba ta gasuwa, sai a yanka a tarar da wani jiƙaƙƙen layi mai nauyi kwance a ƙasa. Awon da na daɗe ina aiki da shi shi ne ayaba 3 matsakaita, wato kimanin giram 350 bayan an dagargaza, ga fulawa giram 250, bota giram 115, sukari giram 150, ƙwai 2, ƙaramin cokali 1 na bekin soda da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishirin nan kada a raina shi, domin shi yake fito da ɗanɗanon ayabar, burodin da babu shi kuwa zaƙi kawai ake ji. Haka kuma awon fulawa da kofi yana yaudara ƙwarai. Kofin awo guda ya kamata ya ɗauki giram 120 zuwa 125, amma idan aka tsoma shi cikin buhu aka danna, yana iya ɗaukar 150 ko fiye, a kofi biyu kuwa wannan ƙari ya isa ya sa burodin ya bushe ya riƙa marmashewa. Ƙaramin sikelin kicin yana kawar da wannan damuwa baki ɗaya. Wanda ba shi da shi ya tankaɗe fulawar, ya riƙa ɗiba da cokali yana zubawa a kofin, sannan ya shafe saman da bayan wuƙa.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma ya fi ɓata aiki, sunan abin ne yake jawo shi. Da an ji an ce burodi, sai hannu ya tafi ga bugu da murza, kamar yadda ake yi wa burodin yis. Alhali wannan ba ya cikin wancan dangi. Ya yaɗu ne a Amurka cikin shekarun 1930, lokacin da bekin hoda da bekin soda suka wadata a gidaje, matsin tattalin arziki kuma ya sa mutane ba sa son zubar da abin da za a iya ci, kuma tun asali ya fi kusa da kek. Da zarar fulawa ta haɗu da danshi, wasu sinadarai a cikinta suna sarƙewa su zama danƙo, wanda ake kira gulutin, kuma iya juyawar da aka yi iya ƙarfin da danƙon zai yi. A burodin yis ana neman wannan danƙo domin shi yake riƙe kumburi na sa'o'i, amma a nan shi yake mai da burodin tauri kamar roba, ya bar dogayen ramuka a ciki. Gyaran shi ne a haɗa busassun kayan a kwano ɗaya, masu danshi a wani, sannan a juye su wuri guda a riƙa ɗago kwaɓin daga ƙasa zuwa sama a hankali da muciya ko babban cokali, a tsaya da zarar farin fulawar ya ɓace. 'Yan gudajin da suka rage ba laifi ba ne, wuta za ta narkar da su. Na tuna mahaifiyata tana karɓe cokalin daga hannuna tun ina ganin aikin bai ƙare ba, kuma na yi shekaru ina zaton sauri take yi, ashe daidai wurin tsayawa ta sani. Injin buga kwaɓi yana da amfani wajen haɗa bota da sukari, amma da fulawa ta shiga a ajiye shi. Idan kuma narka botar aka yi, a bar ta ta huce kafin ta haɗu da ƙwai, kada zafinta ya fara dafa su.

Bekin soda da bekin hoda ba abu ɗaya ba ne, ko da yake ana yawan musanya su. Soda tana bukatar abu mai tsami kafin ta fitar da iskar da take kumbura kwaɓi, kuma a nan ɗan tsamin ayabar ne, ko yogot idan an saka, yake yin wannan aiki. Hodar kuwa da nata tsamin a haɗe take zuwa, kuma soda ta ninka ta ƙarfi sau uku zuwa huɗu. Idan soda ta yi yawa, burodin yakan yi duhu ya ɗauki ɗanɗanon sabulu, wani lokaci ya tashi da sauri sannan ya lotsa a tsakiya. Idan kuma ta daɗe a ajiye tana shan iska, sai burodin ya ƙi tashi. Gwajin ba shi da wuya: a zuba 'yar soda a ruwan lemon tsami, hoda kuma a ruwan zafi, idan ba su yi kumfa nan take ba a sake sabuwa. Kuma tun da soda tana fara aiki daga lokacin da ta jiƙe, a kunna oben tun kafin a fara haɗi, kada kwaɓin ya zauna yana jiran wuta.

Wutar ma tana da nata tarko. Wannan kwaɓi mai kauri ne mai danshi, zafi yana daɗewa kafin ya isa cikinsa, sukarin da ke samansa kuma yana saurin yin ja. Shi ya sa wanda ya ƙara wuta don ya gama da wuri yake samun waje a ƙone, ciki ɗanye. Digiri 175 a ma'aunin Selsiyos, na tsawon minti 50 zuwa 65, a gwangwani mai tsawon santimita 23 da faɗin 13, shi ne abin da ya dace, kuma kada a cika gwangwanin fiye da kashi biyu cikin uku. Idan saman ya yi ja tun lokaci bai yi ba, a rufa masa takardar foyil sako-sako a bar shi ya ci gaba. A guji buɗe ƙofa cikin rabin sa'a na farko, domin iska mai sanyi tana sa tsakiyar ta faɗa tun ba ta ƙanƙame ba. Wajen gwaji a soka dogon tsinke a tsakiya har ƙasa, ba a gefe ba, ya fito da ɗan marmashi amma babu jiƙaƙƙen kwaɓi. Mai ma'aunin zafi zai ga cikin ya kai digiri 93 zuwa 96. Tsagewar da take bayyana a saman kuwa ba aibu ba ce, alama ce ta cewa ciki ya ci gaba da tashi bayan waje ya yi ɓawo.

Bayan an sauke, a bar shi minti 10 zuwa 15 a gwangwani, sannan a fito da shi ya sha iska ta ko'ina har ya huce. Yanka shi da zafi yana sa wuƙa ta dame cikin, naɗe shi da ɗumi kuma yana tara gumi wanda yake jawo fumfuna. Firij yana busar da shi da wuri, don haka a rufe shi a ajiye a wuri mai sanyi na kwana biyu ko uku, abin da zai wuce haka a yayyanka a saka a firiza. Na kuma lura cewa wanda ya kwana ya fi na ranar daɗi, domin danshi da ƙamshin sun ratsa ko'ina.

Akwai wani kuskure guda da ba a cikin kwano yake ba, kuma shi ne ya fi damuna. Mutum yakan bi duk ƙa'idojin nan, burodi ya fito lafiya lau, amma ya ce bai yi kamar na gida ba. Wani ɓangare na wannan ba shi da magani, domin hanyar da ƙamshi yake bi a ƙwaƙwalwa tana manne da wuraren da suke riƙe tunani da shauƙi, saboda haka abin da ake kewa ya haɗa da ɗakin, da muryoyin, da yunwar yaro mai jira. Amma wani ɓangaren awo ne kawai da ba a taɓa rubutawa ba. Kofin da mahaifiyata take nufi idan ta ce kofi biyu wani tsohon kofin shayi ne mai tsagaggen hannu, wanda bai kai kofin awo ba, kuma takan barbaɗa 'yar kirfa da ba ta taɓa lissafa ta cikin kayan haɗi ba, domin a wurinta ba abin faɗa ba ne. Ban gano waɗannan biyun ba sai ranar da na tsaya kusa da ita da sikeli da takarda, na ce, "Mama, ki yi yadda kika saba, ni dai zan riƙa aunawa," duk abin da ta ɗebo sai na ɗora a sikeli kafin ya shiga kwano. Wanda mai gasa masa tun yana yaro take raye, ya nemi rana guda ya yi haka, ya rubuta har girman gwangwanin da yawan baƙin da ayabar ta yi kafin a taɓa ta.