Giyar tsohon keke na sauka da kanta? Duba libar tukuna

Masu tsofaffin kekunan tsere irinsu Peugeot da Raleigh ɗinnan da ake samu a gwanjo, waɗanda libar giyarsu ke maƙale a jikin ƙarfen firam, kun san abun, kana tsakiyar hawan tudu sai kaji ƙarrr cen, wato sarƙar keken, ya sauko kan ƙaramin haƙori ba wanda ya taɓa shi. Wasu sai su ɗora laifin kan ƙarfen baya mai canja cen suje su sayo sabo alhali lafiyarshi lau.

Ita wannan libar ba ta da ƙas-ƙas irin ta kekunan yanzu, wancan tsarin kamfanin Shimano ne suka kawo shi a 1984. Matsi ne kawai ke riƙe ta, shi kuma sifirin ɗin ƙarfen baya kullum cikin jan waya yake, toh da matsin yayi sako-sako sai ya rinjaye ta.

A tsakiyar libar akwai sukuru, wani na sukundireba ne wani kuma da ɗan zobe da ake murɗawa da yatsa. Murɗa shi dama kaɗan, kwatan zagaye ya isa, ka hau ka gwada. Don Allah kar ka danne shi da ƙarfi, so ake ta motsa da yatsa biyu amma ta tsaya inda ka barta.

In ya sake kwancewa bayan kwana biyu sai an buɗe. Ka kwance a hankali kana jera washoshin a kan tsumma yadda suka fito, ka ɗau hoto da waya ma, domin nan ne aikin ke lalacewa. Cikinsu akwai wata washa da raminta ba zagayayye bane, yana da gefe a miƙe, ita ke hana sukurun juyawa tare da liba, in an sa ta a juye ko ta cinye to ko ka ɗaure sau ɗari zai kwance. Wanke komai da kananzir, ka goge, ka shafa giris ɗan kaɗan. Zaren sukurun kuma a barshi ba giris, sai ɗigo ɗaya na gam ɗin riƙe sukuru mai suna Loctite, shuɗi, banda ja, shi ja sai da wuta yake sakewa.

Wani lokacin sukurun ya kai ƙarshen rami amma liba na lilo saboda washoshin sun siɗe, sai ka ƙara siririyar washa ko ka rage tsawon sukurun da fayil. Masu libar kamfanin Simplex ta roba ku duba da kyau, tsagewa take in ta tsufa kuma ba ta gyaruwa.

In liba ta matsu amma giya na canjawa duk sanda ka miƙe ka taka da ƙarfi, juya keken ka duba inda waya ta bi ta ƙarƙashin gidan feda, datti ne ke kama ta, goge wurin ka sa mata giris.