Kurakuran da ake tafkawa wajen saka Ruff ko ESLint a tsohon furojet

Babban kuskuren da kusan kowa ke fara yi shi ne kunna duk dokokin rana ɗaya. Furojet ya shekara goma hannaye na shiga suna fita, kai kuma ka zo da zafinka ka saka ESLint ko Ruff, wato manhajojin da ke binciken kod suna nuna kurakurai bisa wasu dokoki, sai ga gargaɗi dubbai sun cika allo jajawur. Wallahi babu mai karantawa, kafin sati ya zagayo kowa ya kau da kai, har na gasken da zai iya kayar da manhajar ya ɓace a ciki. Gyaran shi ne a ƙyale tsohon tukuna, a tsare ƙofa kar sabon shirme ya shigo. PHPStan, irinsu na yaren PHP, na da fayil da ake rubuta tsofaffin laifuka a ciki ya daina maganarsu, Ruff kuma kana ba shi --add-noqa ya yi musu alamar a ƙyale su, sai a riƙa ragewa duk sanda aka taɓa fayil.

Wanda ya fi ci min rai kuwa, mutum ya saki Black ko Prettier, masu daidaita tsarin rubutun kod, kan kod ɗin gaba ɗaya, kuma a kwamit ɗin nan dai, wato ƙunshin canje-canjen da ake adanawa a Git, ya cusa gyaran wani aiki. To wa zai duba wannan? Ga shi git blame, mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, ya koma nuna sunanka a kowane layi kamar kai ka rubuta komai. Kalli yadda 'yan furojet ɗin Django suka yi a Fabrairun 2022, Black ya samu kwamit nasa shi kaɗai, aka sa lambarsa a fayil ɗin .git-blame-ignore-revs, jerin kwamit ɗin da git blame ke iya tsallakewa tun Git siga 2.23, GitHub ma ya san fayil ɗin. Kuma don Allah a sanar da masu reshe a buɗe, wato masu aikin da ba a haɗe da babban kod ɗin ba tukuna, kafin ranar, in ba haka ba za su kwana suna warware rikici.

Sai masu danna --fix, umarnin da ke sa Ruff ko ESLint ya yi gyaran da kansa, ido rufe a kod ɗin da ba shi da gwaji ko ɗaya. Ba banza ba Ruff ya ware wasu gyare-gyaren da za su iya canza yadda kod ke aiki, ba ya yin su sai ka ce --unsafe-fixes da bakinka.

A kafe siga ɗaya ta kayan binciken ma, kar kwamfutarka ta ce lafiya GitHub Actions, mai maimaita binciken a can GitHub, ya ce a'a. In kuma binciken na cin minti biyar kafin kowane kwamit, jama'a za su gano --no-verify mai tsallake binciken ne kawai, gara a sa manhajar lint-staged ta duba fayilolin da aka canza kaɗai.